Tabarau Huɗu da Tsohuwar da Ke Neman Hoton Ɗanta

Ana sallame sallar asuba muka ɗaga daga Tawa, mu uku cikin wata tsohuwar mota mai tari: ni, direba, da wata malamar kolej. Ni an ɗauko ni ne don na san hanyar Barmu. Tun a tasha na faɗa wa malamar ban yarda da kayanta ba. Wasu manyan tabarau ne guda huɗu, in ka sa sai ka ga kanka tsundum a wani wuri daban, wai da su za ta raba yara da kallon bidiyon kashe-kashe. Na ce na'ura ta ɓata su, na'ura kuma za ta gyara su? Murmushi kawai ta yi.

Muna barin kwalta hanya ta koma tsakuwa da kwazazzabai. Kaka ce, damman gero ko'ina, amalanken jakuna na tare mana hanya ba ko gafara. A Barmu muka karya da fura mai tsami daidai. Cukun da na saba saye dala ɗari ya koma jika guda, wato ninki biyu, na yi ta ciniki har mai cukun ta tambaye ni ko faɗa na zo yi.

Ƙauyen da muka nufa yana gaba kaɗan, babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu. Amma bidiyo ba ya jiran rezo, daga waya zuwa waya yake bi a rumfar mai caji. Shugaban makarantar ƙauyen ya ja mu gefe ya faɗa mana damuwarsa. 'Yan bindiga sun kashe wani saurayin garin a hanyar arewa, wani ya ɗauka, kuma abin yana cikin wayar kusan kowane yaro. Uwar mamacin ta ji an ce hoton ɗanta na cikin wayoyi, ba ta san wane iri ba ne, tana ta bin yara su nuna mata. Zuwa yanzu zille mata suke yi, amma wata rana wani zai miƙa.

Malamar ta iya aikinta, ta tara yaran a aji. Da 'yan mata suka ƙi rufe ido da tabaran gaban samari, ba ta yi musu faɗa ba, ta ce kowace ta riƙe hannun ƙawarta. Wani dattijo ya ce sai ya gani, amma rawaninsa ba ya sauka, haka aka ɗaura masa a kai kamar takunkumin raƙumi.

Ni ma na sa. Sai ga ni cikin fadar samari, ana shan shayi, waya na zagayawa ana cewa a tura mini. Ba a nuna jini ko ɗigo. Can sai na gan ni kan tabarma kusa da wata mata tana tsince wake, ƙaramin yaro ya sheƙo da wayar zai miƙa mata. Ban san lokacin da na kai hannu ba, na make direbanmu a kunne. Yara suka yi dariya, amma duk wanda ya sa tabaran ya cire, ba ya ƙara dariya. Ashe malamar ce ta shirya bidiyon da ke cikin tabaran, ta ɗauke shi a tsakar gidan maƙwabciyarta, da kuɗin aljihunta.

Dab da azahar sai ga tsohuwar nan, uwar mamacin, da sandarta a bakin aji, ta dubi 'yan makarantar.

"'Yan lakwal, an ce mani ɗana na cikin wayoyinku. Wa za shi gwada mani shi?"

Malamar ta juya tana kallon yaran. Wata yarinya ta miƙe ta kama hannun tsohuwar.

"Inna, zamna nan inuwa. Bari mu biɗo maki mai kyau."

Suka ɗunguma rumfar mai caji, ina biye. A gabana kowa ya goge wancan bidiyon kisan, har mai cajin. Sannan suka shiga tonon tsofaffin katuttukan waya, har aka samo wani ɗan guntun bidiyo na Sallar layya, marigayin na kokawa da rago, ragon ya kayar da shi yana ta ƙyaƙyata dariya. Shi suka kai mata.

Ta kai wayar dab da idonta. "Shi na, wallahi shi na. Ku dibi sakarai, rago ya kada shi." Tana dariya hawaye na zuba. Ni dai na juya baya, don nawa ma sun zo.

Mun shigo Tawa ana kiran magariba, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni gida da cukuna mai tsada. Na janye maganar da na yi a tasha, kuma na faɗa wa malamar baki da baki. Abin da na koyo shi ne yaran nan ba mugaye ba ne, ba a taɓa zaunar da su kusa da uwar wanda suke kallo ba. Har muka tayar da mota daga ƙauyen tsohuwar na ƙarƙashin bishiya, yara kewaye da ita, tana cewa, "Ku maido mani shi hwarko."