Ƙafafun da Na Ba Jarumar Yaya

Yayata ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba tun tana shekara biyu, lokacin da shan inna ya kama ta. Da hannu take tafiya, silifa a kowane tafi, kuma duk gidanmu na Gumel babu mai saurinta daga ɗaki zuwa bakin rijiya. Ɗinkin hula ne sana'arta, rediyo kullum yana gefen tabarmarta. A nan ta ji wani shiri da aka ce mutanen da ake harbawa sararin samaniya shawagi suke yi, da hannu suke kama ƙarfe su tura jikinsu, ƙafa ba ta da aikin komai. Ta yi dariya har allura ta soke ta. Ta ce, "Ashe akwai garin da kowa irina ne."

Daga ranar ta fara rubutu a littafin makaranta mai layi. Labarin wani zamani ne can gaba, rairayi ya binne komai daga Maigatari har Gagarawa, aka kwashe waɗanda suka rage a wani ƙaton jirgi za a nemo musu wata duniya. Jarumar gurguwa ce mai tuyar ƙosai a tasha, da ƙyar ma aka yarda ta shiga. Jirgi na rabuwa da ƙasa, masu ƙafa suka zama abin tausayi, sai karo da bango suke suna amai. Ita ta koya musu tafiya, har ta kai gyaran injin jirgin ya koma hannunta.

Ni ce mai babbar waya a gidan, don haka ni nake buga mata shafi-shafi, in tura wani guruf na mata masu karatun littattafai, in dawo in karanto mata sharhinsu. Amma ba duka nake karantowa ba. Tun wajen shafi na goma suka fara magiya: don Allah marubuciya ta warkar musu da jaruma, jirgi mai wannan ilimi a ce babu likitan ƙashi? Irin waɗannan tsallakewa nake yi.

Ran nan ta miƙo mini shafin ƙarshe. A ciki, jirgi ya sauka bayan shekaru masu yawa, ƙafafun kowa sun shanye don rashin aiki. Jarumar ta sa silifanta a hannu ta shige gaba, dubban mutane suka bi ta da rarrafe. Ita ta fara taɓa sabuwar duniyar, da tafin hannunta.

Na karanta, raina ya ɓaci. Zan iya ɗora wa 'yan guruf laifi, amma ƙarya zan yi. Ni nake tura kekenta na guragu tun ban kai tsayin mariƙinsa ba, ni ake kira ƙanwar gurguwa a hanyar islamiyya, kuma ban taɓa idar da salla ban roƙa mata miƙewa ba. A zahiri ban samu ba, shi ne a takarda ma za a hana ni? Na zauna na rubuta nawa. Na ƙirƙiro wata na'ura ta gyara ƙafafun jarumar, ta miƙe, ta yi gudu, ta auri matuƙin jirgi. Na tura da sunan Yaya, na ce mata kowa ya yaba.

Kwana uku asirina ya yi a rufe. Bayan la'asar matar maƙwabcinmu ta shigo da wayarta tana ɗoki.

"Malama marubuciya, wallahi kin sa mu kuka! Wurin nan da ta miƙe tsaye! Allah ya nuna mana ranar da ke ma za ki miƙe haka."

Yaya ta ce amin. Sannan ta roƙe ta ta karanta mata wurin, wai tana son jin sa a bakin wani. Ta saurara har ƙarshe, allura na hannunta ba ta motsa ba, ni kuwa ina bakin murhu ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da matar ta fita, ta kira ni.

"Auta, zo nan." Ba ta ɗaga murya ba. "Shekarun nan duka na ɗauka ke kaɗai kike ganina cikakkiyar mutum. Ashe ke ma jira kike in miƙe."

Na ba ta haƙuri har na gaji, ta ce ta yafe, ya wuce. Ba ta fasa yi mini magana ba, ba ta fasa ajiye mini tuwo ba. Rubutu ne dai ba ta ƙara yi ba, kuma in aka fara shirin kimiyya a rediyo sai ta murɗa zuwa wata tashar. Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Bayan sadakar arba'in na buga shafinta na gaskiya, harafi da harafi, na tura guruf tare da bayanin abin da na aikata. Suka yi mini ca, wai ban ji tsoron Allah ba, ina ɓata littafin mamaciya. Kafin magariba sun cire ni.

Har yau labarin yana yawo a wayoyi da sunanta, har daga Damagaram an taɓa turo mini shi. Duk wanda na buɗe, kai tsaye nake zuwa ƙarshe ko zan dace. Kullum a tsaye nake samun jarumar, a kan ƙafafun da na ba ta.