Takardun Malama da Ƙyallen Zumunta

Mun tashi da asuba ranar Juma'a, ni da maƙwabciyarmu da duk layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ake kira Malama. Mutuniyar Kudancin Kaduna ce, ta daɗe tana koyarwa a wata firamare a Tarauni, katanga ɗaya ce ta raba gidansu da namu. Abin da ya tayar da mu shi ne sabuwar gwamnatin farar hula ta ce za a tantance ma'aikata ranar Litinin. Kowa ya zo da takardunsa na asali, wanda bai kawo ba a cire sunansa. Nata kuwa suna can ƙauyensu kusa da Zonkwa, cikin akwatin ƙarfe a ɗakin yayanta. Umma ce ta ce in raka ta tunda muna hutu, wai ko na ga duniya da idona ba a takarda ba.

Ku da kuke karanta abin da nake liƙawa a allon ƙungiyarmu a makaranta kun san ban cika magana ba. Saboda haka na tafi da ɗan littafin rubutu da biro biyu, na ƙudurta duk abin da na gani zan rubuta. Tun a tashar Unguwa Uku Malama ta fara tsokanata.

"Yau kuma wa za a kama, 'yar sandan ciki?"

Ta san irin littattafan da nake karantawa. Murmushi kawai na yi, na rubuta kuɗin mota: naira ɗari biyu da hamsin zuwa Kaduna, a fijo mai kujera layi uku.

Damina ta yi kyau bana. Daga Kura har Kwanar Dangora shinkafa da dawa ne kore shar, ko ina ka duba. Shingayen da sojoji suke tsayawa a da har yanzu suna nan da gangunansu, sai dai 'yan sanda ne a wurin. Wani dattijo da ke gaba ya ce kaki ne ya canza launi, hannun dai yana nan yadda yake. Aka yi dariya, direba bai yi ba. Hotunan 'yan takara na nan manne a jikin gadoji, ruwan sama ya wanke fuskokin, har ba ka gane wanda ya ci da wanda ya faɗi. A Kwangila, a Zariya, muka sayi gasasshiyar masara biyar-biyar da dafaffiyar gyaɗa. Masarar ta yi tauri, Malama ta ce tun mulkin soja aka gasa ta.

A Kaduna muka canza mota. Daga Kachia ƙasar ta fara sauya kama: duwatsu, jar ƙasa, dogayen itatuwa, da ƙamshin citta a kowace kasuwar bakin hanya. Bayan la'asar muka isa. Mutanen gidan sun karɓe ni kamar sun san ni. Matar yayan Malama ta wanke sabuwar buta ta ba ni, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta kira mijinta ya nuna mini gabas don ita ba ta da tabbas. A nan na fara cin faten acca da yakuwa, na yi ƙari har sau biyu, abin da ban taɓa yi a gidan mutane ba.

Da safe aka buɗe akwatin ƙarfen. Takardun guda huɗu ne a cikin leda, har da ta kwalejin horon malamai mai ɗauke da hoton Malama tana budurwa, siririya, da ɗankwali a karkace. Na ce ta sa su a jakar hannu. Ta ce a'a, ɓarawon tasha jakar hannu yake nema, ba ruwansa da acca. Sai ta tura su tsakiyar tsarabar accar da aka haɗa mata a jakar gana-mas-go mai ruwan shuɗi, ta zuge. Sannan ta yi abin da kowace mace mai tafiya take yi: ta ɗaura ƙyalle a hannun jakar don ta gane kayanta. Ƙyallen ragowar zanen zumuntar matan cocinsu ne, wanda suke ɗaurawa iri ɗaya ranar taro.

Mun yi sa'a muka sami mota mai zuwa Kano kai tsaye. A Kachia aka ɗauki wata tsohuwa, ta zauna kusa da ni da galan ɗin manja a cinya. Ba ta yi shiru ba har Zariya. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina rubutu. Da muka shigo Kano sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. A Unguwa Uku kowa ya yi kan but, aka yi ta jan kaya. Muka hango ƙyallenmu, muka ɗauka, muka shiga tasi.

Kafin magariba muna tsakar gidan Malama, ta zuge jakar don ta ɗebar wa Umma tsaraba. Citta ta fara fitowa. Sai kanwa, sai daddawa, sai wasu 'yan riguna da hular ulu ta jariri. Ta zazzage jakar gaba ɗaya a ƙasa. Babu acca, babu leda, babu takarda.

Ta zauna a kan turmi. Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, aikin nan shi ne abincin 'ya'yanta huɗu. Babban ɗanta ya ruga tasha, ya dawo ya ce motar ta juya, kuma babu wanda ya kawo cigiyar jaka. Maƙwabta suka taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a je gidan rediyo, wata ta ce direban ne, ai daga ganin idonsa. Ni dai na tsuguna ina duba hannun jakar. Ƙyallen irin namu ne sak, amma ƙullin ba na Malama ba ne. Ita zarge take yi, wannan kuwa an ƙulle shi tamau sau biyu.

Na daure na buɗe baki a gaban mutane.

"Malama, zanen nan ku kaɗai kuke da shi?"

"Mu wa? Ai duk inda cocinmu yake, daga nan har Jos, kowace mace tana da shi."

Tana faɗa ta dafe kai. Alamar da ta sa don ta bambanta jakarta, ita ce alamar da mata dubu za su sa.

Na ɗauko littafina. A shafi na tara na rubuta cewa tsohuwar Kachia ta zo wankan jego ne, 'yarta ta haifi namiji ranar Talata, haihuwar fari. A ƙasan shafin kuma na rubuta ta tambaye ni nawa ne kuɗin acaɓa daga tasha zuwa Daurawa, ni kuma na ce ban sani ba. Sunanta ban tambaya ba, kunya ta hana ni. Abin da muke da shi ke nan: Daurawa, da jariri ɗan kwana huɗu.

Ranar Lahadi Malama ba ta je sujada ba. Da hantsi muka kama hanya a ƙasa, tafiya ta biyu ke nan, wadda ta fi ta farko gajarta amma ta fi ta nauyi. Muka tsallaka titin Zariya, muka bi ta Tarauni, ruwan jiya ya cika lunguna, sai taka duwatsu muke yi muna riƙe da jaka hannu ɗaya-ɗaya. Malama ta so mu bi coci-coci. Na ce mata mai jego da mai yi mata wanka ba sa fita a makon farko, amma akwai abin da dole su saya kullum. Ruwan wanka safe da yamma a babbar tukunya ba a dafa shi a risho. Itace ake nema, kuma a damina busasshen itace ba kowa ke da shi ba.

Mai itace na farko a Daurawa bai san komai ba. Na biyu ya tura mu gidan da aka yi haihuwa, muka tarar yarinyar har ta fara zama. Na uku wani bawan Allah ne daga wajen Rano, ya lulluɓe itacensa da tsohon buhu yana jin rediyo. Malama ta zungure ni wai ni ce mai bincike, in yi magana.

"Malam, ina kwana. Don Allah akwai gidan da suka fara sayen itace da yawa cikin makon nan?"

Ya rage rediyo ya dube ni. "Ke ma'aikaciyar haraji ce?"

"A'a, mai jego muke nema."

"To ai sai ki ce haka. Ga gidan can mai koren ƙyaure. Jiya wata tsohuwa ta iso, yau tun da sassafe ta zo ta ce itacena jiƙaƙƙe ne. Ni da na shekara shida ina sana'ar nan! Ku ce mata ina gaisuwa."

Tun daga ƙofa muka ga hayaƙi da tarin ganyen darbejiya. Muka yi sallama. Tsohuwar tana durƙushe gaban tukunya, tana ganin jakar a hannunmu ta miƙe ta tafa hannu.

"Ga kayan jikana! Ai na ce musu za ta zo. 'Yata, ke ce mai rubutun nan ta cikin mota?"

Ta shige ɗaki ta fito da Littafi Mai Tsarki, ta buɗe tsakiyarsa. Ledar tana nan, takardu huɗu cif. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta ga hatimi ta san abin gwamnati ne. Surukinta ya so ya kai wa 'yan sanda, ta hana, ta ce mai wannan ƙyalle 'yar'uwarta ce a zumunta, ba za ta kai kayan 'yar'uwa caji ofis ba. Niyyarta in Lahadi ta zagayo ta ba da sanarwa a coci. Lahadi mai zuwa ke nan, kwana shida bayan an gama tantancewa.

Malama ta riƙe takardun ta ƙirga su da yatsa, ta sake ƙirgawa, sannan hawaye suka zo. Tsohuwar ta dubi hoton ta dubi Malama ta ce, "Ashe dai Kano ta karɓe ki." Nan kuka ya koma dariya. Ta kuma amsa laifi ɗaya: ta taɓa accar, don mai jego ta ce ita take marmari. Aka zubo mana faten accarmu muka ci, aka miƙo mini jaririn na riƙe shi a tsorace. Da za mu fito tsohuwar ta ce in rubuta a littafina cewa itacen nan jiƙaƙƙe ne. Na rubuta.

Kafin azahar muna gida. Ranar Litinin Malama ta bi layi tun safe har la'asar, ta ce jami'in bai yi minti ɗaya yana duba takardun ba ya buga hatimi.

Na tafi ina zaton abin da zan kawo muku shi ne duwatsun Kachia da farashin masara. Sai ga shi abin da ya yi amfani surutun wata tsohuwa ne da na rubuta don kawai na rasa amsar da zan ba ta. Na koyi cewa matafiyi ya saurari na kusa da shi ko da ya gaji, kuma ya daure ya tambayi suna. Da na yi haka da ba mu sha taɓon Tarauni ba.

Da yammacin ranar Malama ta kwance ƙyallen, ta buɗe akwatinta tana neman wani. Wannan ankon bikin wance ne, wancan na taron malamai, wancan na zumuntar bara. Babu zane ɗaya da wasu matan ba su da irinsa. Ƙarshe ta leƙo ta katanga ta ce wa Umma a yago mata bakin tsohon hijabina na sakandare. Shi ne yanzu a hannun jakar. Ban gaya mata ba tukuna cewa mu ɗari uku ne muka sa irinsa.