Irin Kullin Baba Ila

Kafin Baba Ila ya kurɓi shayin safe, sai tukunyarsa ta ci tukuna. Duk wanda ya zauna a layinmu na Abakpa ya san wannan. Da ya dawo daga masallaci zai shige ɗakin girki, ya ɗage faifan da ke kan wata 'yar tukunyar ƙasa, ya shinshina, ya zuba fulawa tafi guda da ruwa kaɗan, ya juya da yatsa. Abin da ke ciki kulli ne mai tsami, shi yake ce wa iri. Da shi ake tayar da kwaɓi, kuma rai gare shi, in an bar shi da yunwa mutuwa yake yi.

Ila mutumin Malumfashi ne. Yana saurayi ya shigo Kaduna, ya sami aikin kuku a Malali, gidan wani injiniya ɗan Italiya mai aikin hanya. Matar gidan, Madam Rozina, ita ta koya masa abincin garinsu da ake kira fiza: a faɗaɗa kwaɓi kamar faifai, a shafe shi da tumatir, a barbaɗa cuku, a jefa cikin tanderu mai wutar itace. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Ranar da za su tashi, a 1983, ta miƙa masa kullin da ta ce daga hannun kakarta ya fito, ta ce da gurguwar Hausarta, "Ila, kada ka bari ya mutu." Daga nan ko wasiƙa bai sake gani ba. Har yau in jirgi ya wuce ta sama yakan ɗaga kai, kuma mun san wa yake tunawa.

Da wani ne, da ya nemi aiki a otal ya ci gaba da sa farar hular kuku. Shi kuwa sai ya kwaɓa laka da jan bulo, ya gina tanderu mai kama da ƙaramin rumbu a tsakar gidansa. Mutane suka yi ta dariya. Hamisu direba ya leƙo ya ce, "Baba Ila, gero za ka zuba ko kaji za su kwana?" Da ya soma gasa fiza duk Juma'a, Hamisun nan ne ke fara zuwa, da kwanonsa a hammata.

Kai ne, Baba Ila, ka mayar da abincin Turawa ɗan gida. Da man zaitun ya gagara ka koma man gyaɗa. Cuku ka samo wurin matan Fulani, ka yayyaga kilishi a kai, ka tsinko ɗoɗɗoya a bayan ɗakinka. Itace kuwa sai marke daga Rigasa, don ka ce shi ne garwashinsa ba ya ƙarya. Ba ka da ma'aunin zafi. Gari kake watsawa a ƙasan tanderu, in ya yi ja kafin ka idar da Ƙulhuwallahu, to wuta ta yi. Lokacin da aka hana shigo da alkama, fulawa ta zama sai wane da wane, mun ga ka daina cin burodi, kana niƙo alkamar Kadawa don tukunyarka ta ci. Kuma lebura nawa ne suka wuce ƙofarka ranar Juma'a da yunwa, ka kira su ka yanka musu, ba ka ko tambayi sunansu ba? Na Malumfashi, mai wutar da ba ta ƙona baƙo.

Amma jinjina ba ƙarya ba ce, bari a faɗi aibinsa. Baba Ila zai ba ka fiza har ka ce ya isa, iri kuwa ko na lakace a yatsa ba ya bayarwa. Amana ce, in ji shi. Ko Habiba, 'yarsa tilo, wadda ta tashi hannunta cikin kwaɓi tun rasuwar mahaifiyarta, da za a kai ta gidan miji Gusau ta durƙusa ta roƙa ya gutsura mata. Ya ce, "Wannan ba kayan gara ba ne." Ta tafi tana kuka. Ya yi kewarta ƙwarai, duk Juma'a sai ya yanka kashi guda ya rufe a gefe kamar za ta shigo, amma bakinsa bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Shekara tara ke nan.

Bana hayaƙi ya karɓi hakkinsa. Yanar ido ta rufe masa gani, aka kwantar da shi asibiti aka yi masa aiki. Maƙwabciyarsa Larai, baiwar Allah mai son tsabta, ta ce ba zai dawo ya tarar da ƙazanta ba. Ta share gida, ta wanke kwanuka, ta ɗage faifan nan, tsami ya bugi hancinta. Ta ce kulli ya ruɓe. Ta juye shi a kwata, ta dirje tukunyar da toka har tana ƙyalli.

Da aka dawo da shi, ido ɗaya a naɗe, kai tsaye ɗakin girki ya laluba. Ya sa yatsa cikin tukunya ya ji wayam.

"Larai, ina abin da ke ciki?"

"Ai ya lalace, Baba, na zubar. Ka ga yadda na wanke maka ita tas?"

Ya mayar da faifan kan tukunyar. Sai ya ce, "Sannu da aiki, Allah ya yi albarka." Da Larai ta fahimci abin da ta yi, ta ɗora hannu a ka ta yi ta kuka, shi ne ma ke ba ta haƙuri. Amma mun ga yadda ya koma. Ya daina shan shayin safe, yakan zauna gaban tanderu mai sanyi ya ce ya ci amanar matar da ta yarda da shi. Juma'a uku layinmu bai ji ƙamshi ba, kuma wallahi mun ji maraici.

Hamisu ne ya kai labari Gusau a motarsa. Ranar Laraba da hantsi sai ga Habiba ta yi sallama, goyo a baya, ta rungumo wani kwanon sha naɗe da tsumma. Ta durƙusa gaban mahaifinta, kanta a ƙasa.

"Baba, na zo da laifi. Sata na yi maka."

"Satar me, 'yar nan?"

"Ranar da za a kai ni, na gutsuri irinka na ɓoye cikin kayan gara. Shekara tara kullum da safe sai na ba shi fulawa. Tsoro ya hana ni faɗa maka."

Ta buɗe kwanon. Bai iya gani sosai ba, sai ya kai hanci. Hawaye ya jiƙa audugar idonsa. Can ya ce, "Shi ne. Allah ya yi wa ɓarauniya albarka."

Likita ya hana shi tsayawa gaban hayaƙi, don haka Juma'ar da ta wuce ya hura wutarsa ta ƙarshe. Habiba ce ta faɗaɗa kwaɓi, shi ya watsa gari ya karanta Ƙulhuwallahu. Muka zauna muka ci. Da aka gama ya miƙa mata dogon sheburin katakon da yake jefa fiza da shi, ya ce ta gina nata tanderun a Gusau. Ƙamshin Juma'a ya bar Abakpa ke nan, kuma za mu daɗe muna kewarsa.

Mun gode, Baba Ila. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da abin da ka ciyar da mu. Masu sana'a a hannu kuma, ku dubi tsohon nan: ku riƙe amana kamar yadda ya riƙe, amma kada ku jira sai an sace kafin ku raba. Shi ma ya gane haka. Kafin Habiba ta koma, ya sa aka kasa irin cikin 'yan kwanuka bakwai, aka kira matan layi. Na farko da kansa ya ɗauka, ya laluba ya sa a hannun Larai, ya ce, "Ungo. In kin ji tsami, lafiyarsa ƙalau. Kada ki bari ya mutu."