Yawon da Aka Kai Kak Som

Kak Som maƙwabciyata ce tun ina amarya, a ƙauyenmu na bakin teku kusa da Marang. Kak a wajenmu yaya ke nan. Sunanta Kalsom, amma ba mai kiranta haka sai malaman asibiti. Ta girme ni, ta fi ni haƙuri, ni kuma na fi ta baki, shi ya sa muka daɗe tare. Ni kifi nake soyawa ina sayarwa, ita kuwa tun rasuwar mijinta ba ta da sana'a sai ta katantanwa. Takan tsinto su a bakin ruwa, ta wanke, ta huda, ta zura su a zaren fatsa, ta ɗaure a ɓawon kwakwa. In aka rataya a baranda iska ta kaɗa, sai ka ji ƙara kamar ana wanke kofuna a nesa.

Duk hutun makaranta gidanta cika yake da yara, jikokinta daga Kuala Lumpur da 'ya'yan unguwa, kowa da ɗan bokitinsa. Tana barinsu su ɓata mata tabarma da fenti, su manna wa katantanwa idanu, su yi kunkuru da jirgi da abin da ba shi da suna. Dokarta ɗaya ce: ba a jefa katantanwa a bokiti sai an ajiye ta a yashi an jira. Akwai 'yan ƙaguwar nan da ba su da ɓawon kansu, sai su shige katantanwa su mai da ita gida. In ka ga ƙafafu sun leƙo, ka bar ta, da mai ita a ciki. Ɗanta Shukri da wannan doka ya tashi. Na sha ganinsa yana yaro a tsugune, majina na zuba, yana jiran katantanwa ta motsa.

Gidan nata na katako ne irin na da, a kan dogayen ginshiƙai, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, 'yan turakun itace ke riƙe da shi. Masu otal suna mutuwar son irinsa. Saye suke yi su kwance, su kai wani wuri su sake haɗawa don baƙi su kwana ciki. Sun zo wa Kak Som, ta ba su shayi ta sallame su. Shukri ma ya daɗe yana damunta: teku na cin gaɓa duk damina, ta taɓa zamewa a kan tsani, ta koma wajensa birni. Ban ce ƙarya yake yi ba. Ita dai ta ce masa ta ji, ranar da ta mutu ya yi yadda ya ga dama, ai da ma da sunansa gidan yake tun bayan ubansa.

A hutun bara sai ga Shukri ya zo da fara'ar da ban san shi da ita ba. Ya ce kullum Mak, wato uwarsa, ita ke wahala da yara, bana ita za a kai yawo. Za a hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Kapas, a kwana can. Har ni ya tsallako ya gayyata, yana kira na Mak Cik, wato gwaggo, kamar kullum.

"Mak Cik Arah, ke ma ki shirya. In ba ke, wa zai yi mana faɗa a hanya?"

"Ja'iri, yau ka san da ni? Wa zai soya mini kifina?"

"Kifin ma ya huta da ke kwana ɗaya."

Na yi dariya, na ɗauko ɗankwalina mai kyau. Wannan dariyar har yau in na tuna ta raina ɓaci yake yi.

Yawo ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. An shimfiɗa tabarma a inuwa, aka ci shinkafar kwakwa da kifi da sambal, miyar barkonon nan mai yaji, yara suka yi wanka har leɓunansu suka yi fari. Kak Som, wadda duk rayuwarta tana kallon tsibirin daga baranda ba ta taɓa taka shi ba, ta tattare zani tana bin gaɓa da ƙaramar jikarta Damia. Na ji tana ce wa yarinyar katantanwar nan sun fi na gida kyau, in sun koma za su yi babban abin ratayewa su sa a ƙofar ɗaki. Shukri kuwa ya kasa zama, ya yi ta tashi da waya a kunne. Na tsokane shi na ce ko ofis ɗin zai rushe ne in ba shi. Ya sake tashi da wayarsa.

Washegari da la'asar muka dawo. Da motarmu ta karya kwanar masallaci na hango teku sarai ta inda ban taɓa hango ta ba. Babu gida. Duwatsun da ginshiƙai ke zaune a kai ne kawai suka rage, da sawun babbar mota a yashi. An jera kayanta cikin kwalaye a gindin mangwaro, an rufe da leda, an rataye mata katantanwarta a reshe, suna ta ƙara.

Ni na fara yi wa Shukri faɗa, don na gane ya sayar wa masu otal. Na ce masa abin da ba zan maimaita ba. A nan na gane dalilin gayyatata: ya san in ina gida, ko katako ɗaya ba za a ɗaga ba sai an bi ta kaina. Da shinkafa da kifi ya saye ni. Ya tsaya yana bayani, wai don lafiyarta ne, wai ya gyara mata ɗaki a gidansa, wai ya san in ya tambaya ba za ta yarda ba.

Kak Som ba ta yi kuka ba. Tana riƙe da bokitin Damia, ta dube shi ta ce, "Shukri, ai ina ciki."

Ba ta bi shi birni ba. Ɗakin bayan gidana take zaune yanzu, inda nake ajiye gawayi da. Ba ta hana jikokinta zuwa ba, bana ma sun zo, sun ɓata mini tabarma da fenti, kuma har yanzu tana sa su ajiye katantanwa a yashi su jira. Tana amsa gaisuwar Shukri, tana zuba masa abinci. Ni ce ba na amsawa.

Ranar da za su koma Shukri ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce yara na son a je gidan namun daji, ko Mak za ta zo a yi yawon da ita. Tana huda katantanwa, ba ta ɗago ba.

"Yawo kuma?" in ji ta. "Me ya rage da za a kwashe?"