Rabon Makiyayan da Na Sayar

Kafin in lalace, ni ɗan kabu-kabu ne a Konni, har ana yabona da riƙon amana. Shi ya sa wani ƙaramin asibiti na wajen Dogarawa ya ɗauke ni in riƙa kai ma'aikatansa ƙauyuka. Da satar man moto, wato babur, na fara, na koma satar gidan sauro. Da na ga ba wanda ya ce uffan, sai idona ya buɗe.

Wata bazara annobar sanƙarau ta ɓarke, allurar rigakafi kuwa ta zo kaɗan. Majo, shugabar asibitin, ta ce da yaran da ke nesa da magani za a fara, domin su ne ba sa isowa asibiti da wuri. Masu hali na gari su jira zuwan kashi na biyu.

Aka tura ni da mai yin allura zuwa wani zangon makiyaya. Amma wani attajiri ya riga ya shafa mana hannu, sai muka karkata gidansa, muka yi wa iyalinsa da baƙinsa. Da muka dawo na ce wa Majo, "Sun tashi, sun bi ciyawa." Wa zai yi musu? Kowa ya san makiyayi ba ya zama wuri ɗaya.

Ba a jima ba wani dattijon zangon, Malam Agali, ya kawo 'yarsa a amalanken jaki, wuyanta ya sanƙare. Majo ta ce, "Baba, ashe kun dawo?" Ya ce, "Daga ina, ɗiyata? Muna nan bakin rijiya muna jiran ku." Ina tsaye ina ji. Yarinyar ba ta kai la'asar ba, jandarma kuma suka tafi da ni da mai yin allurar.

A gidan kaso na tuba, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Da aka sake ni, na je neman gafarar dattijon. Ya ba ni ruwa na sha, sannan ya ce, "Nawa na yahe maka. Nata kuwa, ba ni da ikon yahewa."

Matasa, in aka danƙa muku rabon wani, ku kai masa, ko da ba ya da bakin tambaya. Ni na gama zaman kaso, amma wadda nake buƙatar ta yafe mini tana kabari.