Fayif a Cikin Kwata

Jiya da azahar na buɗe famfo zan yi alwala, ruwan ya fito da zafi kamar an sauke shi daga murhu. Ina kai shi baki, warin nan ya doki hancina, warin robar da rana ta gasa. Na tofar, raina ya ɓaci, irin ɓacin da shekaru ba su rage masa komai ba.

Ka san a gidanmu na Haɗeja da rijiya muka tashi. Kakarmu ta wajen uba, wadda iyayenta suka zo daga bakin tafkin Chadi, ita ke kula da ruwan sha. Takan wanke randa, ta kife ta a kan garwashi da kajiji har hayaƙi ya kama cikinta, sannan a tace ruwa da farin ƙyalle a zuba. Ko a tsakiyar bazara, in ka ɗebo da moɗa, sanyi har haƙori.

Ina 'yar firamare aka ce an kawo wa unguwa famfo. Wani ɗan kwangila ya zo da fayif na roba, baƙaƙe, sirara, in ka matsa da yatsu sai su lotse. Ko rami ma'aikatansa ba su haƙa ba. Suka shimfiɗa su a kan ƙasa, inda lungu ya matse suka jefa su cikin kwata. Aka yi taro, aka yi tafi.

Kaka ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofi. "Wa ya jiƙa takalmi a ruwan nan?"

Muka yi dariya. Baba ya ce, "Iya, sabo ne, zai wanke kansa."

Bai wanke ba. Shayi ya ɗauki warin, kunu ya ɗauka, har randar ma ta ɗauka. Mu kuwa muka saba. Da Baba ya ga ruwa na zuwa har tsakar gida, sai ya cike rijiya ya gina ɗaki a kai. Kaka ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

Wata damina kogi ya cika ya batse, ya shanye gonakin shinkafa ta wajen Auyo, ya shigo mana lunguna. Fayif ɗin nan da rana ta riga ta ƙona, amalanke ta tattaka, duk ya tsattsage, an ɗaɗɗaure da robar tayar keke. In aka ɗauke ruwan famfo, sai ya zuƙi abin da ke cikin kwatar. Warin ya sauya, amma wa zai lura? An riga an koya wa hancinmu cewa ruwan famfo dama wari yake. Kaka kaɗai ke cewa a tafasa, ga itace a jiƙe, wani a tafasa, wani a sha haka.

Ƙanwata da ba a daɗe da yaye ta ba ta fara amai da gudawa. Inna ta goya ta, suka ratsa ruwa har asibiti. Aka yi wa yarinyar ƙarin ruwa, amma da zanin goyon kawai Inna ta dawo.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, wallahi na yarda. Amma ba ƙaddara ce ta sayo fayif mafi araha ta kwantar da shi cikin ƙazanta ba. Mutum ne, da hannunsa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Yau ka leƙa kwatar kowane lungu, za ka gan su, fari da baƙi da shuɗi, sun sarƙe kamar taliya. Gari na zaune a bakin kogi yana shan ruwa mai warin roba. Kwanaki muka je suna wani ƙauye ta wajen Guri, aka kawo mana ruwan rijiya garai-garai. 'Yata ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta miƙo mini.

"Umma, wannan ba ruwa ba ne. Ba ya ƙamshin komai."