Yaya Taufiq Mai Bin Bututu

Ina tsintar shinkafa a tsakar gidanmu a unguwar Liman Abaji wayata ta yi ƙara da lambar ƙasar waje. Na ɗauka Yaya Taufiq ne, sai na ji muryar mace.

"Ke ce Mu'mina? Filomina ce, muna aiki otal ɗaya da yayanki. Ƙanƙara ta zaftaro daga kan dutse. Ba a gan shi ba."

Na ajiye shinkafar.

Yaya mai gyaran famfo ne. A Keffi an san shi da hali ɗaya: in ruwa ya ɗauke ba ya jiran kowa, zai bi bututu da ƙafa har ya gano inda ya fashe, ko da a Tudun Ƙofa ne. Kuma tun da wayarsa ta taɓa faɗawa rijiya, ba ya zuwa aiki da komai a aljihu. Da wannan sana'ar ya ɗauki nauyin karatuna har na gama jami'a.

Bara ya samu aiki a wani ɗan gari cikin duwatsun Turai, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Baƙi na zuwa su yi zamiya a kan ƙanƙara, sannan su jiƙa jikinsu a ruwan. Shi ke kula da bututun da ke sauko da shi otal. Yakan yi mana dariya a waya: "Amarya, nan Allah ne ke dafa ruwan wanka, ba ruwanki da gawayi." Matarsa ta ce to ya aiko mata da jarka guda.

Filomina ta ce ruwa ne ya ɗauke da safe. An ba kowane ma'aikaci 'yar na'urar da ake gano mutum da ita in ƙanƙara ta rufe shi. An sami tasa tare da wayarsa a ɗakin kayan aiki, ya naɗe su a leda, kamar yadda ya saba a gida.

Amarya ta fito daga ɗaki tana kallona.

"Mu'mina, yayanki ne? Ba ni shi."

Na gaya mata yadda aka gaya mini. Ta zauna a bakin rijiya.

Tun ranar ko wayar maƙwabta ta yi ƙara sai na duba tawa. Masu ceto suna bin bututun da karnuka. Filomina ta ce za ta kira in sun kai mafarin ruwan. Har yanzu ba ta kira ba.